Ƙailula, Gajiya Da Bashin Barci: Haƙƙin Da Jiki Ke Bin Ma'aikaci Da Ɗalibi

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin gwamnati da misalin ƙarfe biyu na rana, musamman a watannin Maris da Afrilu sa'ad da bazara ta kankama, zafi ya haura awo 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, ba zai rasa ganin akawu ya tasa fayil a gaba, alƙalami a hannu, kai kuwa yana rangaji ba. Haka al'amarin yake a azuzuwan makarantu da ɗakunan karatu na jami'o'i, inda ɗalibi kan kifa kai bisa littafi ya yi ta kokawa da idonsa har a kaɗa ƙararrawa.

Abin da aka saba faɗi game da irin waɗannan mutane shi ne ragwanci ya yi musu katutu. Wani lokaci zargin yana da tushe. Amma binciken da masana suka yi cikin shekaru 70 da suka wuce ya nuna cewa galibin masu gyangyaɗi da rana bashi ne jiki ke bin su, kuma ba shi da niyyar yafewa. Wannan bashi shi ke sa akawu ya rubuta lamba ba daidai ba a takardar albashi, ɗalibi ya manta abin da ya kwana yana haddacewa, direba kuma ya saki hanya da mutane cike da mota. Saboda haka ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su san yawan barcin da suke bukata, da amfanin ƙailula da iyakarta, da kuma dalilin kasalar da kan rufe mutum bayan ya motsa jiki.

Awa Nawa Jiki Ke Bukata?

A shekarar 2015 Gidauniyar Nazarin Barci ta Amurka ta tara ƙwararrun likitoci da masana, suka duba ɗaruruwan bincike, sa'an nan suka fitar da ma'aunin da ake aiki da shi a ƙasashe da dama. Bisa ga wannan ma'auni, jariri sabon haihuwa yana bukatar awa 14 zuwa 17 a yini da dare. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 13 yana bukatar awa 9 zuwa 11. Matashi ɗan shekara 14 zuwa 17, watau yawancin ɗaliban sakandare, yana bukatar awa 8 zuwa 10. Baligi daga shekara 18 zuwa 64 yana bukatar awa 7 zuwa 9, dattijon da ya kai 65 kuwa awa 7 zuwa 8.

To, bari mu yi lissafi da rayuwarmu ta yau da kullum. Magidancin da zai tashi sallar asuba da misalin ƙarfe biyar, in yana son ya sami awa 7, tilas ne ƙarfe goma na dare ta same shi a kan shimfiɗa. Idan kuwa hira a majalisa, ko kallon ƙwallon Turai, ko latse-latsen wayar hannu suka kai shi sha biyun dare, awa 5 kurum zai samu. Ya ci bashin awa 2 ke nan a dare ɗaya. Daga Litinin zuwa Jumma'a bashin ya zama awa 10, watau ya fi barcin dare guda cur. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan irin bashin mutane da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

Akwai masu bugun ƙirji su ce su awa 4 ko 5 ta ishe su. Gaskiya ne akwai mutanen da aka halitta haka, sai dai ba su da yawa ko kaɗan. Wani bincike da aka buga a 2003 daga Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka ya tona asirin sauran. An ɗauki mutum 48 masu ƙoshin lafiya, aka ƙayyade wa wasunsu awa 6 kacal kowane dare har kwana 14, ana gwada saurin hankalinsu kullum. Da makonni biyu suka cika, aikin ƙwaƙwalwarsu ya lalace har ya yi kusa da na wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Abin mamaki shi ne, da aka tambaye su yadda suke ji, sai suka nuna ɗan barci kaɗan ne ke damunsu. Watau mai bashin barci shi ne na ƙarshe da zai gane halin da yake ciki.

Aikin Da Ake Yi Cikin Dare

A da an ɗauka cewa in mutum ya yi barci, ƙwaƙwalwarsa ta rufe ke nan kamar an kashe fitila. A 1953 wasu masana biyu na Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, suka gano cewa akwai lokutan da ƙwayar idon mai barci ke kai da komowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashe shi a daidai wannan lokaci, galibi yakan ce mafarki yake yi. Daga nan aka fahimci barci hawa-hawa ne.

Mutum yakan fara da barci mara nauyi, wanda ɗan motsi kaɗan zai tashe shi. Sa'an nan ya nutsa cikin barci mai nauyi, inda numfashi da bugun zuciya ke lafawa. Daga bisani sai barcin mafarki ya biyo baya. Wannan zagaye yakan ɗauki kimanin minti 90, kuma yakan maimaitu sau 4 zuwa 6 kafin gari ya waye. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, kuma a cikinsa ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin da ke sa yaro girma, yake kuma gyara tsokar da ta wahala da rana. Barcin mafarki kuwa ya fi yawa a goshin asuba.

Ga ɗalibi, muhimmin abu shi ne ƙwaƙwalwa tana amfani da barci wajen adana abin da aka koya. Tun a 1924 wasu malamai biyu na Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka gwada haka. Suka ba ɗalibai biyu jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana su haddace, wani lokaci su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu. Duk sa'ad da suka yi barci bayan haddar, sai abin ya fi zama a kansu. Binciken da aka yi ta yi bayan wannan ya ƙara tabbatar da batun. Don haka ɗalibin da ya tsoma ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi, ya cika baki da goro domin ya kwana karatu daren jarrabawa, ya yi kamar mai ɗibar ruwa da kwando.

Me Ke Kawo Gyangyaɗi Da Azahar?

Abubuwa biyu ne ke juya barcin ɗan Adam. Na farko wani sinadari ne da ake kira adenosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka. Gwargwadon daɗewarsa a farke, gwargwadon taruwar sinadarin da nauyin idonsa, kuma barci ne kaɗai ke share shi. Na biyu agogo ne da Allah ya dasa a jiki, mai zagayen kimanin awa 24, wanda hasken rana ke saita shi kullum. Masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2017 saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Wannan agogo yana da lokuta biyu da yake rage kuzarin mutum. Babban shi ne tsakar dare zuwa asuba, ƙaramin kuwa tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana. Saboda haka ko mutum bai ci komai ba, zai ji jikinsa ya yi sanyi a wannan lokaci. Idan ya haɗa da malmalar tuwo ko kwanon shinkafa, ga zafi, ga bashin daren jiya, to, sai abin ya taru ya yi masa rubdugu.

Goro da shayi da gahawa, da kuma lemukan gwangwani masu sa kuzari waɗanda matasa suka rungumi sha a yanzu, duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe wuraren da adenosin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, mutum ya daina jin gajiyar, alhali tana nan tana ƙaruwa. Har ila yau, bayan kimanin awa 5 rabin kafeyin ɗin yana nan cikin jini. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri da magariba, ƙarfe sha ɗayan dare za ta yi da sauran rabinsa a jikinsa. Barcinsa ya lalace, gobe ya wayi gari a gajiye, ya sake neman goro.

Ƙailula Da Ƙa'idarta

Hutun tsakar rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar ƙailula daga Larabci muka aro ta, kuma malaman lugga sun bayyana ta da cewa hutawa ce a tsakiyar rana ko da barci bai ɗauki mutum ba. A cikin Suratun Nur, aya ta 58, an lissafa lokacin zafin rana cikin lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum ɗakinsa, abin da ke nuna cewa lokacin hutu ne sananne. Imam Bukhari kuma ya ruwaito daga Sahabi Sahlu ɗan Sa'ad cewa a ranar Jumma'a sai bayan an sauko daga masallaci suke yin ƙailula da cin abinci. Manomi ma ya san wannan tsari: yakan yi sammako ya yi noma da sanyin safiya, rana ta take ya koma gindin bishiya, sai ta yi sanyi ya sake ɗaukar fartanya. Makarantun kwana da yawa har yanzu suna da lokacin kwanciya bayan abincin rana a cikin jadawalinsu.

Wasu al'ummomi ma haka suke. Mutanen Sifen sun shahara da hutun rana, a ƙasar Sin ma'aikata da ɗalibai da yawa sukan ɗan kwanta bayan abincin rana, kuma an san Winston Churchill, Firayim Ministan Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yin barcin rana ko da yaƙi ya yi tsanani.

A farkon shekarun 1990 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada amfanin ƙailula a kan matuƙan jiragen sama masu doguwar tafiya bisa teku. Aka ba wasu damar hutawa ta minti 40 a kujerarsu, ɗaya bayan ɗaya, yayin da abokan aikinsu ke riƙe da jirgin. Barcin da suka samu bai wuce kimanin minti 26 ba, amma sun fi waɗanda ba su huta ba saurin hankali, kuma gyangyaɗi bai dame su ba a lokacin saukar jirgi, wanda ke cikin lokuta mafi hatsari. A ƙasar Girka kuma, wani bincike da aka buga a 2007 ya bi rayuwar mutum fiye da 23,000 na shekaru da dama, ya tarar cewa masu yin ƙailula a kai a kai sun fi sauran ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 37 cikin 100, kuma abin ya fi bayyana ga maza masu aiki.

Sai dai ƙailula tana da ƙa'ida. Ta farko ita ce gajarta. Minti 10 zuwa 20 sun isa, kada dai a wuce 30. Wanda ya zarce haka yakan faɗa cikin barci mai nauyi, in an tashe shi a tsakiyarsa sai ya farka da nauyin kai da mutuwar jiki, ya ɗauki rabin awa ko fiye bai dawo hayyacinsa ba. Wanda ke da sarari, kamar ranar Asabar ko Lahadi, kuma bashi ya yi masa yawa, gara ya yi zagaye guda cikakke na minti 90. Ta biyu ita ce lokaci. A yi ta kafin ƙarfe uku na rana, domin barcin bayan la'asar yana kwashe adenosin ɗin da zai taimaka wa mutum ya yi barci da dare. Ta uku, mai fama da rashin barci da dare ya haƙura da ƙailula har sai darensa ya daidaita. Ta huɗu, ƙailula ciko ce, ba ta maye gurbin barcin dare. Amfaninta yakan ƙaru a watan azumi, lokacin da sahur da sallolin dare ke yanka barci gida biyu ko uku.

Gajiya Bayan Motsa Jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara da matasa kuwa kimanin minti 60 kullum. Ma'aikata da dama da likita ya gargaɗe su game da hawan jini ko ciwon sukari sukan fara sassarfa da safe ko buga ƙwallo da yamma, sai su ga maimakon kuzarin da aka yi musu alkawari, barci ne ke kwasarsu. Da yawa daga nan suke watsar da abin.

Wannan gajiya tana da dalilai sanannu. Na ɗaya, tsoka da hanta suna ajiye sukari a wata siga da ake kira gilaikojin, shi ne makamashin da jiki ke ƙonawa a lokacin gudu ko wasa mai tsanani. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu na irin wannan wahala kan kusan ƙarar da ajiyar, ƙafafu su yi nauyi. Na biyu, gumi. A cikin zafi ɗan wasa yakan zubar da lita ɗaya ko fiye na ruwa a awa guda, kuma da zarar ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, watau lita ɗaya da ɗan ɗori ga mai kilo 60, ƙarfinsa da natsuwarsa sukan ragu. Na uku, ita kanta ƙwaƙwalwar da ke aika wa tsoka umarni tana gajiya. Na huɗu, jikin da ya ɗauki zafi lokacin wasa yakan huce bayan an gama, kuma saukar zafin jiki na daga cikin alamun da ke kiran barci.

Akwai kuma tsamin jiki, wanda ba ya zuwa nan take sai washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72. An daɗe ana ɗora laifinsa a kan wani sinadari mai tsami da ke taruwa a tsoka lokacin gudu, amma an gano cewa wannan yakan watse cikin kimanin awa guda. Ainihin dalilin shi ne 'yan ƙananan yage-yage da zaren tsoka ke samu idan aka ɗora mata aikin da ba ta saba ba, musamman gangarowa daga tudu ko sauke kaya mai nauyi a hankali. Gyaran waɗannan yage-yage shi ke ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma barci mai nauyi yana da babban rabo a wannan gyara.

Jami'ar Stanford ta nuna haka a wani bincike da aka buga a 2011. 'Yan wasan ƙwallon kwando 11 na jami'ar suka riƙa ƙoƙarin yin awa 10 a kan gado kowane dare har mako 5 zuwa 7. Da aka sake gwada su, gudunsu ya ƙaru, jefa ƙwallonsu cikin raga kuma ya inganta da kimanin kashi 9 cikin 100, ba tare da an sauya musu horo ba.

Saboda haka jin barci bayan motsa jiki ba abin tsoro ba ne. Wanda ya yi wasansa da safe ko da hantsi, ya fara shan ruwa, ya ci abinci, ya bar jikinsa ya huce, sa'an nan in ya sami dama ya yi ƙailular minti 20. Ɗaliban makarantun kwana da ke wasanni bayan la'asar, waɗanda gyangyaɗi ke addaba a ajin karatun dare, maganinsu ruwa da abinci da kwanciya da wuri. Sabon shiga kuma ya fara da kaɗan yana ƙarawa mako-mako, domin sannu ba ta hana zuwa. Wasa mai tsanani dab da lokacin kwanciya, kamar saura awa guda, yana iya jinkirta barci, gara a gama shi tun da sauran lokaci.

Gajiyar Da Ke Bukatar Likita

Ba kowace gajiya ce hutu ke maganinta ba. Wanda ke samun awa 7 ko 8 amma kullum ya tashi kamar an yi masa duka, ko wanda ɗan hawan bene ke sa shi haki, ya je asibiti a duba jininsa. Ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon sukari, da damuwa mai tsanani, duk suna zuwa da kasala. Mai minshari da ƙarfi wanda iyalinsa ke lura numfashinsa na ɗaukewa cikin barci sa'an nan ya dawo da shaƙuwa, yana iya kasancewa da wata cuta ta toshewar maƙogwaro wadda ke da alaƙa da hawan jini, kuma tana da magani. Haka nan duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ruɗewa a lokacin wasa, ko ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan wahala mai tsanani, kada a ce ya kwanta ya huta, a garzaya da shi asibiti. Masu cutar sikila su nemi shawarar likita kafin su shiga wasa mai wahala, musamman cikin zafi.

Babban hatsarin dai yana kan hanya. Masana a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 a farke, hankalinsa yakan yi rauni daidai da na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi a kanta. Ma'aikacin da ya tashi da asuba, ya yi aiki yini guda, sa'an nan ya kama hanyar garinsu daren Jumma'a, ƙarfe goma na dare ta cika masa awa 17 ɗin nan daidai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa gajiya da barci a kan sitiyari cikin dalilan haɗurran mota. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Direban da ya ji hamma ta yi yawa, ido na rufewa, ya nemi wuri amintacce ya tsaya ya runtsa na minti 20. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba su hana shi zuwa.

Ya rage ga shugabannin ma'aikatu da na makarantu su dubi wannan batu da idon basira. Hutun rabin awa da aka tsara bayan sallar azahar ya fi awa biyu da ma'aikaci zai yi yana gyangyaɗi a kan fayil, kuma shugaban makarantar da ya kare lokacin kwanciyar ɗalibansa daga ƙarin darasi ya taimaki sakamakon jarrabawarsu. Shi kuma ma'aikaci ko ɗalibi, abin da ke hannunsa shi ne ya tsayar da lokacin kwanciya guda, ya ajiye waya tun kafin ya hau gado, ya bar goro da shayi daga la'asar. Lafiya uwar jiki ce, kuma kashi ɗaya cikin uku na rayuwar ɗan Adam an ware shi ne domin kiyaye ta.